A Tuna Wa Uwa Ranar Allura, Amma Da Harshen Da Take Ji

Gabatarwa

Ina godiya ga editan wannan mujalla tamu da ya ba ni fili in faɗi albarkacin bakina. Na san mai karatu zai ce, me ya haɗa ɗalibar harshe da zancen allurar rigakafi? To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu, za a ga mahaɗin. Ni dai ba likita ba ce, kuma ba Bahaushiya ba ce. Bayarabiya ce ni 'yar Ibadan, Hausar da ke bakina kuwa rabinta ta aji ce, rabinta ta unguwar Sabo.

Tun muna aji ɗaya wani malaminmu ya gargaɗe mu cewa wanda ya tsaya ga littafi kaɗai ba zai taɓa iya Hausa ba. Saboda haka duk hutu nakan je Sabo gidan wata baiwar Allah mai sana'ar waina, wadda nake kira Yaya, in taya ta aiki ita kuma ta gyara mini baki. Ina nan tare da ita ta haifi 'yarta mace, na sha suna, har ni na raka ta asibiti ranar allurar sati shida. Ta kai yarinyar ta sati goma, ta kai ta ta sati goma sha huɗu, babu fashi. Daga nan ma'aikaciyar jinya ta rubuta mata wata rana a kati, da Turanci da lambobi, ta ce sai yarinya ta cika wata tara. Yaya ta ninke kati ta sa a leda tare da rasiɗan haya ta tura ƙarƙashin katifa. Azumi ya zo ya wuce, aka yi salla, maigida ya yi tafiya Arewa, ita kuma kullum tana bakin tanda tun asuba. Yarinya tana da wata goma sha ɗaya ƙyanda ta kama ta. Kwana takwas suka yi a gadon asibiti. Allah ya yi da sauran kwana ta tashi, amma jarin waina ya tafi gaba ɗaya, har da bashi a kai.

Da na je dubiya, abin da Yaya ta ce mini shi ne: "Wallahi ƙanwata ban ƙi ba, mantuwa ce. Da an samu wanda ya ce mini gobe ne, da tun da sassafe na goya ta." Tana wannan magana wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga kamfanin layi, yana tuna mata cewa kuɗin da ta ranta na kira lokacin biyansa ya yi. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Mai bin ta bashin naira ɗari bai manta da ita ba, amma babu wanda ya tuna mata ranar allurar 'yarta.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ya zama wajibi ga duk asibitin da ke yi wa yara allura, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya riƙa tuna wa iyaye kafin ranar ta zo, ya kuma bi sawun wanda bai zo ba. Sa'annan wannan tuni ba zai yi amfani ba sai an yi shi da harshen da uwa ke ji, bisa lissafin kwanakin da ta saba da shi.

Me Ya Sa Ake Mantawa?

Kafin mu ga laifin iyaye mata, bari mu dubi nauyin da aka ɗora musu. A jadawalin Nijeriya, da zarar an haifi yaro za a yi masa allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, a kuma ɗiga masa maganin shan-inna. Sai a dawo da shi yana sati 6, da sati 10, da sati 14. A waɗannan zuwa uku ne ake yi masa allurar nan mai kare cututtuka biyar a haɗe, wadda ma'aikata ke kira Penta, wato mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta da kuma wata ƙwayar cuta mai jawo sanƙarau da ciwon huhu. An fara amfani da ita a ƙasar nan a 2012. Tare da ita akwai ta ciwon huhu da ta shan-inna, sai kuma ɗigon gudawa da aka ƙara a 2022. Yana wata 9 sai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, yana wata 15 kuma a maimaita ta ƙyanda. Zuwa shida ke nan aƙalla, kowanne da ranarsa.

Zuwa ukun tsakiya suna kusa da juna, wata ɗaya-ɗaya ne tsakaninsu, saboda haka ƙafa ta saba da hanya. Amma daga sati 14 zuwa wata 9 akwai tazarar fiye da wata biyar, kuma a cikin wannan rami ne Yaya ta faɗa. Ba ita kaɗai ba ce. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da kiwon lafiya na 2018 ya nuna cewa cikin yara 100 masu shekara ɗaya zuwa biyu, 65 sun samu Penta ta farko, amma 50 ne kawai suka kai ga ta uku. Waɗanda suka kammala dukkan muhimman allurai kuwa 31 ne kacal. Mai karatu ya lura da waɗancan 15 da suka fara ba su ƙarasa ba. Iyayensu sun yarda da allura, tun da da ƙafarsu suka kai kansu. Sun san hanyar asibiti, kuma sunansu yana cikin rajista. Babu waɗanda suka fi su sauƙin dawowa da su, in an neme su.

Sakamakon sakacin kuwa mun gan shi da idonmu. Cutar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022 ta yi ɓarna mai yawa a 2023, musamman a jihar Kano, kuma yawancin yaran da ta kama ba su kammala allurarsu ba. Ƙyanda kuwa tsananin saurin yaɗuwarta ya sa masana ke cewa sai kashi 95 cikin ɗari na yara sun samu allura sau biyu kafin a iya tare ta a gari.

Mene Ne Tsarin Tuni?

Abu biyu ne. Na farko shi ne tuni, wato sanar da iyaye kwana ɗaya ko biyu kafin ranar allura. Na biyu shi ne bin sawu, wato neman wanda ranarsa ta wuce bai zo ba. A Amurka da Ingila asibitocin yara sun daɗe suna yin haka, da farko ta wasiƙa da katin gidan waya, daga baya ta kiran tarho da saƙon tes, yanzu kuma kwamfuta ce ke zaƙulo sunayen da kanta.

Kada a ɗauka sai da kwamfuta ake yi. Akwai tsohuwar dabarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana koyar da ma'aikata, wato akwatin tuni. Akwati ne da aka raba gida goma sha biyu, kowane wata da gidansa. In an yi wa yaro allura yau, sai a sa kwafin katinsa a gidan watan da zai dawo. In wata ya ƙare, duk katin da ya rage a wannan gida na yaron da bai zo ba ne, sai a neme shi. Kwalin taliya da almakashi sun isa a haɗa shi. Wayar salula kuwa, wadda ta shigo ƙasar nan a 2001, yau da wuya ka shiga gidan da babu ita.

Shin Yana Aiki?

Yana yi, amma gwargwado. A 2018 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara bincike 75 da aka yi kan wannan batu, mafi yawansu a Amurka, ta gano cewa tuni da bin sawu suna ƙara yawan masu karɓar allura da kimanin mutum 8 a cikin kowane 100. A nan gida, wani binciken da aka yi a ƙananan asibitocin Ibadan aka buga a 2016 ya nuna cewa inda aka riƙa kiran iyaye mata a waya kafin ranar, aka kuma sake kiran wadda ba ta zo ba, kusan kashi 99 cikin ɗari na yaran sun kammala allurarsu. Inda aka bar abin yadda aka saba kuwa kashi 57 ne.

Gaskiya ɗaya ce, dole in kawo wanda bai yi armashi haka ba. A yammacin Kenya an gwada saƙon tes a ƙauyuka, aka buga sakamakon a 2017. Inda ba a aika komai ba kashi 82 sun kammala, inda aka aika tes zalla kashi 86, bambancin da masu binciken ba su iya tabbatar da cewa tes ɗin ne ya kawo shi ba. Sai inda aka haɗa tes da ɗan kuɗi, sulen Kenya 200, aka kai kashi 90.

Wuraren biyu sun bambanta ta fuskoki da yawa, don haka ba zan yanke hukunci kai tsaye ba. Amma abin da na karanta daga ciki shi ne, a Ibadan mutum ne ya yi magana da mutum. Uwa ta ji murya, ta samu damar tambaya, an kuma sake nemanta da ba a gan ta ba. Tes kuwa yana iya shigowa ya kwanta cikin tarin tallace-tallace har ranar ta wuce.

A Nan Gizo Ke Saƙar

Yanzu na zo kan abin da ya shafe mu mu ɗaliban harshe. A ce wani asibiti a Sabon Ibadan ko Agege ko Idi-Araba ya sayi kwamfuta ya fara aika tes da Turanci. Yaya ba ta karanta Turanci. Ko bokon Hausa da ƙyar take haɗawa, amma ajami kamar ruwa take karanta shi. Saƙon ya iso waya, amma bai iso ga uwa ba. Shi ya sa nake ganin saƙon murya ko kira ya fi dacewa da irinta, katin kuma a buga muhimman bayanansa da boko da ajami a unguwannin da ake buƙata.

Ko an ce a fassara ma, fassara ba sauya kalma da kalma ba ce. Ga wasu abubuwan da zama a Sabo ya koya mini.

Na ɗaya, lissafin kwanaki. Uwa ba ta riƙe "ranar 14 ga wata", amma tana riƙe "jibi Talata". Bugu da ƙari, sati shida kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in. Babu mai jegon da ke manta ranar da za ta gama wanka. In ma'aikaciya ta ce "kwana biyu bayan kin yi arba'in ki kawo shi", ta ɗaure ranar a jikin abin da ba ya ɓacewa. Amma kuma a daidai wannan lokaci ne ake fita yawon arba'in, don haka sai a ƙara da cewa a fara da asibiti kafin gidajen dangi.

Na biyu, wankan gida. Mace mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta ta haihu. Yarinyar da ke aure a Legas tana iya haihuwa a Katsina, a yi wa jariri allurar farko a can, sai bayan arba'in ta dawo. Asibitin can ya ɗauka ta ɓace, na nan kuma bai san da ita ba. Tambaya ɗaya ranar haihuwa, wato "a ina za ki kasance bayan arba'in?", ta isa ta toshe wannan ɓaraka, a gaya mata katin nan yana aiki a ko'ina cikin ƙasar.

Na uku, suna. Ranar allurar farko jariri ba shi da suna tukuna, sai ranar suna, haka abin yake a wurin Hausawa da mu Yarabawa. Bayan suna kuma, yaron da ya ci sunan kakansa ba a kiransa da shi, sai dai Abba ko Baffa. Uwa kuma tana jin kunyar ambatar sunan ɗanta na fari. Ma'aikaciyar da ba ta san haka ba za ta yi ta tambaya a waya, ta ji shiru, ta ɗauka rainin hankali ne. Ya kamata rajista ta ƙunshi sunan uwa da na maigida da laƙabin yaro da kwatancen gida.

Na huɗu, wa ke riƙe da wayar? A gidaje da yawa lambar maigida ce a rajista, kuma shi ne mai ba da izinin fita da kuɗin mota. Saƙon da ya fara da "ki kawo" ya faɗa hannun namiji ya riga ya yi kuskure. A yi sallama, a girmama shi, a sa shi cikin maganar.

Na biyar, zaɓen kalma. Wani ya san ƙyanda, wani baƙon dauro ya sani. Kalmar shawara kuwa tana nufin cuta, tana kuma nufin abin da ake ba mutum in ya rasa mafita, saboda haka "ku zo don shawara" magana ce mai harshen damo. Har ila yau iyaye da yawa sun ɗauka ɗigon shan-inna da ake bi gida-gida shi ne rigakafin gaba ɗaya. Dole saƙo ya bambanta musu.

Da ni aka ba aikin, ga abin da zan naɗa da murya: "Assalamu alaikum. Daga asibitin unguwa ne, muna gaida maigida da uwargida. Muna tuna muku jibi Talata ne ranar allurar jaririnku ta sati goma, daga ƙarfe takwas na safe. A zo da kati, kuma kyauta ce. Wannan daban take da ɗigon da ake bi gida-gida. Jikinsa yana iya ɗan yin zafi kwana ɗaya ko biyu, in ya wuce haka a dawo da shi mu duba. Allah ya raya." Ga wanda ranarsa ta wuce kuma zan ƙara da cewa: "Ba a makara ba, kuma ba za a sake daga farko ba, daga inda aka tsaya za a ci gaba." Wannan jimla tana da muhimmanci, domin mata da yawa tsoron faɗan ma'aikata ne ke hana su komawa bayan sun yi fashi.

Abin Da Masu Suka Za Su Ce

Wani zai ce matsalarmu ta fi mantuwa girma. Haka ne. A binciken 2018 da na ambata, yara 19 cikin 100 ba a taɓa yi musu ko allura ɗaya ba. Waɗannan ba su cikin rajistar kowa, babu lambar da za a kira. Su sai an je an same su ta hannun ungozoma da wanzami da liman da mai unguwa, mutanen da babu haihuwar da ke wuce su. Tarihi ma ya nuna haka. Bayan da aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003, aka dawo da shi a Kano a 2004, shigar sarakuna da malamai cikin aikin na daga cikin abin da ya kai mu ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka bayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Tuni ba zai maye gurbin wannan aiki ba. Amma don ba ya warkar da kowace cuta ba za a ce a zubar da shi ba.

Wani zai ce, ina amfanin kiran uwa ta zo ta tarar babu allura? Wannan suka ta fi kowacce ƙarfi a wurina. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara goma ce, ta tarin fuka ta yara ashirin, kuma in an haɗa su dole a zubar da ragowar bayan awa shida. Saboda haka wasu ma'aikata ba sa son fasa kwalba don yaro biyu ko uku, sai su ce a dawo wani satin. Uwar da aka kira, ta rufe sana'arta, ta biya kuɗin mota, aka ce ta koma, da wuya ta amsa kira na biyu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma a lura, tsarin tuni shi ne ma maganin wannan, domin asibitin da ya san yara nawa yake jira ranar Talata zai iya tanadin allurarsu, ya kuma tara su rana ɗaya. A Udaifur ta ƙasar Indiya, wani binciken da aka buga a 2010 ya nuna cewa tabbatar da zuwan ma'aikata a rana tsayayya kowane wata ya ɗaga yawan yaran da suka kammala daga kashi 6 zuwa 18. Cika alkawari ma wani nau'in tuni ne.

Wani kuma zai ce mutane suna tsoron baƙuwar lamba saboda 'yan damfara, kuma suna yawan sauya layi. Maganinsa shi ne tun ranar rajista a nemi izinin uwa, a ajiye mata lambar asibiti a wayarta, a karɓi lamba biyu, a kuma sake tambaya duk zuwa. Lambobin nan amana ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana a yi amfani da su a wani abin da ba a yarda da shi ba. Batun kuɗi kuwa, a gwada kuɗin kira na minti ɗaya da kwana takwas ɗin da Yaya ta yi a asibiti. Bahaushe ya riga ya gama magana da ya ce rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Ina kira ga hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa da takwarorinta na jihohi da su sa tuni da bin sawu cikin aikin da ake duba kowane asibiti a kai, su kuma ware kuɗin katin waya, domin bai dace ma'aikaciya ta riƙa kira da kuɗin aljihunta ba. Asibitoci masu zaman kansu, da suka iya neman mutum in yana da bashi, su nemi yaro in allurarsa ta yi.

Mu kuma 'yan wannan sashe, ga aiki ya same mu a gida. Kullum muna kukan cewa ana tambayarmu me za mu yi da digirin Hausa a Kudu. A cikinmu akwai mai jin Hausa da Yarabanci, akwai mai Hausa da Ibo, ga Turancin Buroka a bakin kowa. Me zai hana ƙungiyarmu ta je asibiti mafi kusa da unguwar Hausawa ta nemi izini, mu rubuta waɗannan saƙonni, malamanmu da ma'aikatan jinya su duba, mu gwada su a kunnen matan unguwa kafin a naɗa? Ni na riga na fara da abin da nake iyawa. Yaya ta sake haihuwa, namiji, kuma ranakun allurarsa shida suna cikin wayata. Ranar Lahadin da ta wuce na kira ta na ce, "Yaya, jibi Talata ne fa." Ta yi dariya ta ce ta riga ta wanke zanen goyo.

Allah ya raya mana yaranmu, ya ba marasa lafiya lafiya, amin.